Dutse da Baƙinta: Wa Zai Ba Su Labarin Gari?

Jawabin da kwamitin ilimi ya gabatar a babban taron reshenmu na Dutse

 



Kusan duk lokacin da muka hallara a wannan zaure, maganar albashi da ƙarin girma da haƙƙin waɗanda suka yi ritaya ce ke cinye mana yini, kuma ta cancanci haka. Yau shugabanni sun ba kwamitinmu dama ya kawo wata magana, wadda ta shafi garin da muke koyarwa a cikinsa. A 'yan shekarun nan ana yawan cewa Dutse za ta zama wurin yawon buɗe ido, baƙi su zo su kashe kuɗi, matasa su sami sana'a. Muna maraba da wannan fata. Abin da muke so mu duba tare shi ne yadda garin ya kai inda yake a yau, da abin da yake da shi na nunawa, da kuma rabon da ya faɗo a kan malamai a cikin wannan aiki.

Mu fara da tushe. Dutse tsohon gari ne ƙwarai. Labarin da aka gada daga bakin magabata ya ce wani maharbi mai suna Duna Magu ne ya fara sauka a gindin waɗannan duwatsu, ya tarar da gada birjik, kuma daga nan aka sami sunan Dutsen Gadawur. Wannan labarin baka ne, kuma haka ya kamata mu gabatar da shi ga ɗalibai. Amma akwai shaida a rubuce. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, ya auri 'yar Sarkin Dutse. Sarki kamar na Kano ba ya neman surukuta da ƙauye. Ke nan fiye da shekara 570 da suka wuce akwai sarauta a nan wadda ake lissafi da ita. Kundin ya kuma nuna cewa Sarkin Kano Kumbari, wanda ya yi zamani daga 1731 zuwa 1743, ya kawo wa Dutse yaƙi. Duk wanda ya hau Garu ya dubi yadda duwatsu suka yi wa tsohon gari zobe, zai gane dalilin da ya sa mutanen dā suka zaɓi wurin, zai kuma gane wahalar da mai kawo hari zai sha.

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka fara a 1804, sarautar Dutse ta koma hannun Fulani a ƙarƙashin jagorancin Salihi da Musa, waɗanda gidajen Jalligawa da Yalligawa ke danganta kansu da su. Da Turawa suka ci Kano a 1903, Dutse ta zama gunduma a ƙarƙashin En'e ta Kano, kuma haka ta zauna shekaru masu yawa: garin hakimi mai gonaki da dabino, wanda matafiyi kan wuce mararrabarsa a hanyar Kano zuwa Maiduguri ba tare da ya leƙa ba. A 1981 Gwamnan Kano Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya ɗaga darajarta zuwa masarauta, a 1983 gwamnatin da ta biyo baya ta soke wannan mataki. Sai ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Badamasi Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, ta sa hedikwatarta a Dutse. Masarauta ta dawo, ta zama ɗaya daga cikin biyar na jihar, tare da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim.

Iyayenmu da ke zaune a sahun gaba sun ga farkon wannan zamani da idonsu. Sun san lokacin da aka raba ma'aikatu a 'yan gine-ginen da aka samu, da lokacin da ma'aikata da yawa ke kwana a Kano su yi sammako zuwa ofis, ranar Juma'a kuwa gari ya yi tsit tun kafin la'asar. Daga nan aka yi ta gini, gwamnati bayan gwamnati. Aka shimfiɗa tituna masu faɗi, aka gina sakatariya da gidan gwamnati da rukunin gidajen ma'aikata, unguwanni irin su Takur da Fagoji da Yalwawa da Ɗanmasara suka haɗe da juna. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda ta kawo mana ɗalibai da malamai daga kowane sashe na Nijeriya. A 2014 aka buɗe filin jirgin sama, wanda alhazanmu ke tashi daga cikinsa, kuma yanzu yana ɗauke da sunan marigayi Sarkin Dutse Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 har Allah ya yi masa rasuwa a Janairun 2023. Shi ne kuma ya samar wa garin filin wasan golf da ke jawo 'yan wasa daga wasu jihohi.

Idan muka haɗa waɗannan, za mu ga cewa abin da ke kawo baƙo da abin da ke saukar da shi sun samu. Akwai hanya, akwai jirgi, akwai masauki, akwai kuma kwanciyar hankali, wadda ita ce ni'imar da wurare da yawa suka rasa a yau. Kuma baƙi suna zuwa: masu halartar tarurruka, da iyayen ɗaliban jami'a, da matasa masu yi wa ƙasa hidima, da 'yan kasuwa. Tambayar ita ce, in baƙo ya gama abin da ya kawo shi, ya ce a nuna masa gari, ina za a kai shi, kuma wa zai yi masa bayani?

Abin nunawa kam akwai shi. Na farko su ne duwatsun da suka ba garin suna, da fadar Garu mai adon bango, da hawan salla. Kada mu raina hawan nan don mun saba ganinsa. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano a jerin al'adun da duniya ta gada, kuma namu reshe ne na wannan itaciya: ga dawaki da lifidi, ga algaita da tambari, ga hakiman Kiyawa da Jahun da Miga da Buji da Birnin Kudu da Gwaram kowa da tawagarsa. Na biyu shi ne dabino. Ba banza ba cibiyar binciken itatuwan kwakwa da dabino ta ƙasa ta kafa reshenta na binciken dabino a Dutse. Baƙon da aka kai shi ya ga yadda ake barbarar dabino da hannu, aka bayyana masa bambancin namiji da mace a bishiyar, ya sayi na tsaraba, ba zai manta da garin ba.

Na uku, wanda ya fi kowanne daraja a idon masana, yana Birnin Kudu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga nan. A kogunan Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zane-zanen da mutanen dā suka yi a jikin dutse, mafi yawansu na shanu. A shekarun 1950 ne Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi nazarinsu ya sanar da duniya, daga baya aka ayyana su a cikin kayan tarihi na ƙasa. Abin lura ga malamin tarihi da malamin aikin gona shi ne, shanun da aka zana ba su da tozo. Wasu masu dogon ƙaho ne, wasu masu gajere irin na muturu. Shanun da Fulaninmu ke kiwo a yau kuwa masu tozo ne. Wannan ya sa masana ke ganin cewa masu zanen sun rayu da wani irin garke dabam da wanda muka sani. Kusa da zanen akwai duwatsu masu amo, waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse suke ƙara kamar ƙarfe, kuma gurabun da bugu ya bari a jikinsu sun nuna an daɗe ana kaɗa su. Ɗalibin da ya tsaya a wannan kogo ya ƙirga ƙahonni da idonsa, ya ji amon dutse da kunnensa, ya sami darasin da allo da alli ba za su ba shi ba. Gani ya kori ji.

Wanda ke da ƙarin kwana kuma sai a miƙa da shi gabas, zuwa dausayin Baturiya a ƙasar Haɗeja, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai a lokacin hunturu. Tun 2008 wurin yake cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya.

To, tun da ga hanya ga kuma abin gani, me ya rage? Bari mu ɗauki darasi daga garuruwa biyu da suka riga mu shiga wannan harka.

Na farko shi ne Kalaba, garin bakin ruwa a Jihar Kuros Riba. Tashar jiragen ruwa ce tun zamanin cinikin bayi da na manja, ta taɓa zama mazaunin mulkin Turawa a kudancin ƙasar nan, kuma a can aka kafa makarantar Hope Waddell a 1895. A zamanin Gwamna Donald Duke an yi abu biyu don jawo baƙi. A 2004 aka fara bikin ƙarshen shekara wanda mutanen gari da kansu ke shiryawa ƙungiya-ƙungiya, teloli na ɗinki, makaɗa na gwaji, yara na koyon taka rawa. A 2007 kuma aka buɗe Tinapa, katafaren wurin kasuwanci da shaƙatawa da ya ci kuɗi masu yawa. Bikin ya kafu, har yau ana cika garin a watan Disamba. Tinapa kuwa ta yi shekaru manyan rumfunanta babu kowa. Abin da mutanen gari suka riƙa a matsayin nasu ya rayu, abin da aka gina aka ajiye musu ya rasa mai raya shi. Ba muna cewa a kwaikwayi irin bikinsu ba, don kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Darasin da ke ciki shi muke nufi.

Na biyu shi ne Agadas a Jamhuriyar Nijar, garin da ake jin Hausa a kasuwarsa kamar yadda ake ji a tamu. Shekaru da dama Turawa na tururuwa zuwa can don ganin hasumiyar masallacinta ta ƙasa da duwatsun Azbin da hamada. Maƙeran azurfa da dukawa da direbobi da masu yi wa baƙi jagora duk sun dogara da su. Da tawaye ya sake ɓarkewa a 2007, aka kuma shiga zamanin satar Turawa a yankin, sai baƙin suka ɗauke ƙafa. Ko da UNESCO ta sanya tsohon garin a jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, kasuwar ba ta koma yadda take ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Garin da ya jingina abincinsa ga baƙin nesa kaɗai, rana ɗaya zai wayi gari raɓa ta bushe. Baƙon da ya fi tabbata shi ne na kusa: ɗalibai daga Kano da Bauchi, iyalai daga Haɗeja da Gumel, da mu kanmu mazauna gari.

A nan ne maganar ta iso ƙofarmu. Kowane malami a cikinmu yana iya yin wannan gwaji gobe da safe. Ya tambayi ajinsa, su waye suka taɓa hawa Garu? Su waye suka taɓa jin sunan Gadawur? Su waye suka san akwai zane a duwatsun Birnin Kudu? Mun san yadda hannaye za su yi ƙaranci, har a makarantun da ke kallon waɗannan duwatsu ta taga. Yaran ba su da laifi. An yi shekaru darasin tarihi ba ya cikin manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare, kuma ko da aka dawo da shi, littattafan da ke hannunmu sun fi ba da labarin daulolin Mali da Songhai fiye da na garin da yaro ya buɗe ido a ciki. Yaron da ya san Mansa Musa amma bai san Salihi da Musa ba, da me zai tarbi baƙo?

Kuma lokaci ba ya jiranmu, ta fuska uku. Ta farko, dattawan da suka riƙe labarin unguwanni da rijiyoyi da ganuwa da gidajen malamai suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowannensu kuma yana tafiya da abin da ba a rubuta ba. Ta biyu, duwatsun kansu ana cin su. Garin da ke girma yana bukatar tsakuwa, kuma fasa dutse sana'a ce da ke ciyar da gidaje masu yawa, har da gidajen wasu ɗalibanmu. Ba mu zo mu hana kowa neman halaliyarsa ba. Amma gini in ya rushe ana sake shi, bishiya in an sare ana dasa wata, dutse kuwa in an mayar da shi tsakuwa ya tafi har abada. Ya kamata a san wanda za a fasa da wanda za a bari. Ta uku, zanen da ya jure rana da ruwa tun zamanin da ba wanda ya tuna, yaro ɗaya da gawayi ko ƙusa yana iya ɓata shi cikin minti biyar, don kawai ba wanda ya taɓa gaya masa darajar abin da ke gabansa.

Mun san akwai masu ɗari-ɗari da wannan harka gaba ɗaya, kuma damuwarsu tana da tushe. Sun ji yadda wasu garuruwan bakin teku suka sami kuɗin baƙi suka rasa tarbiyyar 'ya'yansu, yara suka bar aji suna bin baƙi da roƙo, haya ta yi tsada har ɗan gari ya kasa zama a garinsu. Amsarmu ita ce, irin abin da gari ya baje shi ke zaɓar masa irin baƙin da za su zo. Wanda ya baje tarihi da ilimi da sana'ar hannu, masu neman waɗannan ne za su nufo shi. Addininmu ma ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa don lura da abin da ya sami al'ummomin da suka gabata. Kuma yaron da aka koya masa darajar garinsu yana tsayawa gaban baƙo a matsayin mai masauki, yana ba da ilimi a biya shi ladan aikinsa, ba ya miƙa hannu.

Mun kuma san abin da wasunmu ke faɗa a zuci: aji ya cika maƙil, malamai sun yi kaɗan, albashi ba ya kai ƙarshen wata, kuɗin mota ya ninka, yanzu kuma a ƙara mana wani kaya? Gaskiya ne. Shi ya sa shawarwarin da kwamiti ya kawo guda huɗu ne kacal, kuma uku daga ciki ba sa bukatar kasafin kuɗi.

Shawara ta farko, kowace makaranta ta fitar da aji ɗaya sau ɗaya a zango zuwa wani wurin tarihi da ƙafa za ta iya kaiwa: tsohuwar rijiya, ko kufai, ko maƙera, ko gonar dabino, ko gindin dutse. A nemi izinin iyaye a rubuce, a sanar da mai unguwa ko dagaci tun da wuri, malamai mata su raka 'yan mata, a kuma guji hawan wuri mai santsi da damina. Makarantun da ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya ɗaukar musu mota, su sa Birnin Kudu a gaba, su tuntuɓi ma'aikatan hukumar gidajen tarihi da ke kula da wurin kafin su tashi.

Ta biyu, kowane ɗalibi na aji shida da na ƙaramar sakandare a ba shi aikin gida sau ɗaya a shekara: ya zauna da kakansa ko kakarsa ko wani dattijon unguwa, ya tambayi asalin sunan unguwarsu da yadda take kafin 1991, ya rubuto da Hausa ko da Fulatanci, da boko ko da ajami. Malamin Hausa ya duba rubutu, malamin tarihi ya tace labari, a rubuta sunan wanda ya ba da shi in ya yarda. Reshe ya tattara mafi kyawu, wannan mujalla tamu ta riƙa buga ɗaya a kowace fitowa. Cikin 'yan shekaru za mu sami abin da za a ɗinke ya zama littafi.

Ta uku, muna roƙon iyayenmu da suka yi ritaya su karɓi wannan aiki a matsayin nasu. Ku kuka san garin kafin kwalta ta ratsa shi, ku kuka iya tsayawa gaban jama'a ku yi bayani a fahimta. Matasan da za su zama masu yi wa baƙi jagora nan gaba suna bukatar wanda zai koya musu bambanci tsakanin abin da aka tabbatar da abin da aka ji a baka, don kada su riƙa ƙaga wa baƙi labari.

Ta huɗu ita ce mai bukatar muryar ƙungiya. Muna ba da shawarar reshe ya rubuta takarda zuwa ga hukumomin jiha da abin ya shafa da Majalisar Masarautar Dutse, ya roƙi a tantance duwatsun da ke da tarihi a shata musu iyaka, a keɓe wa masu fasa dutse wuraren da ba su shafe su ba, a kuma kafa alluna masu bayani da Hausa da Turanci a muhimman wurare. Ƙungiyar da aka kafa tun 1931 tana da bakin da ake saurare, kuma ba laifi ba ne ta yi amfani da shi a kan abin da zai amfani 'ya'yanmu bayan mun kau.

'Yan'uwa malamai, sanarwar gwamnati ce ta mayar da Dutse babban birni cikin yini ɗaya, kuɗin gwamnati kuma suka yi mata tituna da filin jirgi. Amma sanin gari da ƙaunarsa ba a yin su da sanarwa. A aji ake dasa su, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da ke gabanmu yau su ne direbobi da masu masauki da 'yan kasuwa da hakimai da kwamishinonin da baƙo zai tarar nan da shekara ashirin. Abin da muka gaya musu game da Garu da Habude shi za su gaya masa, abin da muka yi shiru a kansa kuma su ma shiru za su yi.

Kwamiti ya miƙa waɗannan shawarwari huɗu ga Shugaban taro don a tattauna, a gyara abin da ke bukatar gyara, a kuma sa ranar farawa kafin mu watse. Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Dutse, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a cikin aikinmu da zuriyarmu.